Ƙungiyar Yes: Masu kafawa sun watse, suna na ci gaba da cin kasuwa

Duk wanda ya sayi tikitin kallon wasan ƙungiyar makaɗan nan ta Birtaniya mai suna Yes a yau, mutum biyar zai tarar a kan dandamali, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yake wurin lokacin da aka kafa ta a Landan cikin 1968. Wanda ya fi daɗewa a cikinsu, makaɗin jita Steve Howe, a 1970 ya shigo, bayan an fitar da faifan farko an kuma gama naɗar na biyu. Shi kuwa Jon Anderson, mawaƙin da aka kafa ƙungiyar da muryarsa, yana nan da ransa, ya haura shekara 80, yana zagaya biranen Amurka da wasu makaɗa daban, yana rera waƙoƙin nan dai da duniya ta san Yes da su, sai dai ba a ƙarƙashin sunan ba. A watan Agustan 2024 ya fitar da sabon faifai mai suna True, wata 15 bayan tsohuwar ƙungiyar tasa ta fitar da nata, Mirror to the Sky, a watan Mayun 2023.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada. To amma tambayar da ke ƙunshe a nan kowane ɗan kasuwa ya san ta. Idan aka kafa shago da haɗin gwiwa, ya yi suna, daga baya masu kafawar suka watse, wani ya rasu, wani ya yi fushi ya fita, wani rashin lafiya ta kwantar da shi, wa ke da haƙƙin allon da ke rataye a bakin ƙofa? Kuma mai saye da ya zo saboda wannan allo, kayan da ya sani ake ba shi, ko masu kama da su? Da wuya a samu ƙungiyar kiɗa da ta sha wannan gardama kamar Yes, wadda kusan mutum 20 suka shiga suka fita cikinta, huɗu daga ciki a matsayin jagoran waƙa.

Dogon zango

Mutum biyar suka fara: Anderson, da Chris Squire mai jitar bas, da Peter Banks mai jita, da Tony Kaye mai kibod, da Bill Bruford mai ganguna. Banks ne ya kawo sunan, kalma ɗaya tak mai ma'anar "na'am". Shi ne kuma na farko da aka raba gari da shi, a 1970. Shekara guda bayan haka Kaye ya bi sahunsa, aka ɗauko Rick Wakeman, wanda ya yi karatu a kwalejin kiɗa ta Landan, ya kuma zo da na'urorin sauti iri-iri da Kaye bai damu da su ba. Wato tun ƙungiyar ba ta cika shekara huɗu ba ta riga ta nuna halinta: idan aka ga wanda ya fi ka iya abin da ake nema, sai a sallame ka, ko da kuwa tare aka sha wahalar farko.

Wannan rashin tausayi ya haifar da ɗa mai ido. Faya-fayai uku da suka fito a jere, The Yes Album da Fragile a 1971, sannan Close to the Edge a 1972, su ne har gobe ake auna duk wani aikin ƙungiyar da su. Salon da suka taimaka wajen kafawa, wanda za a iya kira kiɗan rok mai dogon zango, ya bijire wa dokar rediyo ta waƙar minti uku. Waƙa ɗaya takan kasu kashi-kashi, ta fara a hankali, ta yi sauri, ta sauya awo da kari, ta koma kan jigon da ta fara da shi ta wata fuskar, kamar yadda ake yi a kiɗan gargajiyar Turai na manyan zauruka. Waƙar da ta ba faifan 1972 sunansa ta haura minti 18, ita kaɗai ta cinye gefe guda na faifan garmaho. Squire ya mayar da jitar bas, wadda a da aikinta rakiya ne kawai, ta zama tana magana a gaba-gaba. A saman duk wannan hayaniya akwai muryar Anderson, siririya, mai tashi sama ba tare da alamar wahala ba, tana rera kalmomin da ya fi zaɓa don daɗin sautinsu fiye da ma'anarsu.

A nan ma ba a zauna lafiya ba. Bruford ya fice a 1972 ana dab da fita rangadi, ya koma King Crimson. Alan White, wanda ya taɓa yi wa John Lennon kiɗa, kwana uku kacal ya samu ya haddace waɗannan dogayen waƙoƙi. Faifan da ya biyo baya, Tales from Topographic Oceans na ƙarshen 1973, waƙoƙi huɗu ne a cikin fiye da minti 80. Ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, amma ya gunduri Wakeman har ta kai wata rana a birnin Manchester aka kawo masa abinci yana ci a kan dandamali ana tsakar wasa, labarin da shi da kansa ya sha bayarwa. Ya fita a 1974, Patrick Moraz ɗan ƙasar Suwizalan ya riƙe kujerar na faifai ɗaya, Relayer, sannan Wakeman ya dawo a 1976. Sau biyar ke nan bawan Allahn nan yana shiga yana fita a tsawon tarihin ƙungiyar.

Abin lura shi ne, duk waɗannan sauye-sauye masoya sun haɗiye su ba tare da wani tari ba. Mai ganga ya tafi, mai kibod ya zo, matuƙar muryar tana nan to Yes tana nan. Sai a 1980 aka fara gwada akasin haka.

Ranar da murya ta sauya

A ƙarshen 1979 ƙungiyar ta je Paris naɗar sabon faifai, aikin ya watse, ga kuma saɓani kan kuɗi da kan alƙiblar kiɗan. Anderson da Wakeman suka fita. Ragowar ukun, Squire da Howe da White, suna da rangadin Amurka da aka riga aka sayar da tikitinsa. Sai suka jawo wasu matasa biyu da manaja ɗaya ke kula da su duka, Trevor Horn da Geoff Downes, waɗanda aka sani da suna The Buggles, masu waƙar nan Video Killed the Radio Star da tashar MTV ta buɗe shirye-shiryenta da ita a 1981. Faifan da suka yi tare, Drama, ya kai matsayi na biyu a Birtaniya, kuma a ganina yana cikin ayyukan ƙungiyar mafi ƙarfi da kuzari. A kan dandamali ne aka yi ta ta ƙare. Horn ya sha fama wajen kai muryarsa inda ta Anderson ke kaiwa dare bayan dare, kuma a wasu biranen Birtaniya 'yan kallo suka riƙa yi masa ihu suna kiran sunan wanda ya gada. A farkon 1981 ƙungiyar ta rushe.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin kasuwanci mafi girma a tarihinta. Squire da White suka haɗu da wani matashi ɗan Afirka ta Kudu, haifaffen Johannesburg, mai suna Trevor Rabin, suka kira tsohon abokinsu Tony Kaye, suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna Cinema. Waƙoƙin na Rabin ne galibi, gajeru, masu saurin shiga kunne, daidai da rediyon shekarun 1980. An kusa kammala aiki sai Squire ya kunna wa Anderson abin da suka naɗa, ya ji ya yaba, ya shigo ya ɗora muryarsa. Daga nan lissafi ya sauya. Ga Anderson, ga Squire, ga White, ga Kaye, me zai sa a ɓata kuɗi wajen tallata sabon suna alhali ga tsohon da miliyoyin mutane suka sani? Rabin bai so haka ba da farko, domin bai zo da niyyar gadon kujerar Howe ba, amma sunan ya rinjaye shi.

Faifan ya fito a Nuwamban 1983 da suna 90125, wanda ba komai ba ne illa lambar rajistarsa a kundin kamfanin da ya buga shi. Wanda ya tsara sautinsa kuwa shi ne Trevor Horn ɗin nan da aka yi wa ihu shekara uku kafin nan, wanda a lokacin ya fara zama ɗaya daga cikin manyan furodusoshin Birtaniya. Waƙar Owner of a Lonely Heart ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a Janairun 1984, abin da Yes ba ta taɓa samu ba kafin nan ko bayan nan, faifan kuma ya sayar da kwafi miliyan uku a Amurka kaɗai. Nasarar da ta fi kowace girma a ƙarƙashin wannan suna, ke nan, ta zo ne daga waƙoƙin da ba don Yes aka rubuta su ba, a salon da masoyan farko da yawa suka ɗauka cin amana ne. Tun daga wannan lokaci masoyan suka rabu gida biyu, kuma har yau ba su gama sasantawa ba.

Anderson kansa bai jima ba ya gaji da wannan salo. A 1988 ya sake fita, ya tattaro Bruford da Wakeman da Howe, wato huɗu cikin biyar na waɗanda suka yi Close to the Edge. Amma ba su da ikon kiran kansu Yes, domin sunan yana hannun ɓangaren Squire da ke zaune a Los Angeles. Dole suka jera sunayensu kamar ofishin lauyoyi: Anderson Bruford Wakeman Howe. Da suka saka kalmar Yes a tallar rangadinsu na 1989, sai da maganar ta kai ga lauyoyi. A 1991 aka ɗaura wa ɓangarorin biyu auren dole, mutum takwas a dandamali ɗaya mai juyawa. Rangadin ya yi kasuwa. Faifan da aka kira Union, wato haɗin kai, abin kunya ne: an ɗauko makaɗan haya sun sake buga sassa da dama na aikin Howe da Wakeman, har Wakeman ya laƙaba masa sunan albasa, wai don duk lokacin da ya saurare shi sai ya yi hawaye.

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani abin dogon bayani. Rabin ya tafi bayan faifan Talk na 1994, ya koma tsara kiɗan fina-finai. Tsofaffin suka sake haɗuwa, suka fitar da faya-fayai da kasuwa ba ta waiwaya ba sosai, suka dakata a 2004.

Daga YouTube zuwa dandamali

A 2008 ne aka yi abin da har yanzu yake yi wa mutane da yawa ɗaci. An shirya rangadin cika shekara 40, sai Anderson ya kamu da matsanancin ciwon numfashi, likitoci suka ce ya huta na watanni. Aka soke rangadin. Squire da Howe da White, waɗanda suka riga suka yi zaman jira na shekara huɗu, suka ƙi ƙara jira. Suka ɗauko Benoît David, ɗan Kanada da ke waƙa a wata ƙungiyar masu kwaikwayon Yes a Montreal, wanda Squire ya ga bidiyonsa a YouTube. Anderson ya fito fili ya nuna ɓacin ransa, yana ganin ba a mutunta shi ba.

Kowane ɓangare yana da hujja, kuma bai kamata a yi saurin yanke hukunci ba. Ba Anderson kaɗai ke ci daga wannan suna ba. Akwai makaɗa da shekaru suka fara ja, akwai ma'aikatan sauti da na fitilu da direbobi, ga kuma zamani ya juya. A shekarun 1970 faifai ne ke kawo kuɗi, rangadi talla ce. Tun da intanet ta karya kasuwar faifai, rangadi ya zama gonar, sabon faifai kuma ya koma dalilin fita rangadi kawai. Ƙungiyar da ta zauna ba ta fita, ta daina samu. Duk da haka, mutumin da kuka yi shekara 40 tare, yana kwance, a ce an maye gurbinsa da mai kwaikwayon muryarsa, wannan ko a kasuwar da ta fi kowace rashin imani sai an yi tsegumi a kai.

Wanda ya fi ba ni tausayi a labarin nan shi ne David. Ya yi shekara uku yana ɗaukar nauyin da ba nasa ba, ana kwatanta shi da wani a kowane dare. Ya rera faifan Fly from Here na 2011, wanda Horn ya tsara, Downes kuma ya dawo ta dalilinsa. Shi ma ciwon numfashi ya kama shi, a farkon 2012 aka maye gurbinsa kamar yadda aka yi wa wanda ya gada. Sannan a 2018 aka sake fitar da faifan nan guda ɗaya da ya yi da ƙungiyar, an cire muryarsa an saka ta Horn. Ma'aikacin wucin gadi ke nan: ana bukatarsa ya toshe gurbi, in an gama a goge sunansa daga fayil.

Wanda ya gaje shi, Jon Davison ɗan Amurka, ya fi shi sa'a da kuma dacewa. Muryarsa tana hawa sama ba tare da tilas ba, yana kuma rubuta waƙa. Ya riƙe wannan matsayi tun 2012, wato ya zarce tsawon zaman farko na Anderson daga 1968 zuwa 1980. Sai dai har yanzu a bakin masoya da yawa sunansa "sabon mawaƙi".

Bayan Squire

Muddin Chris Squire na raye, gardamar halacci tana da amsa mai sauƙi, domin shi kaɗai ne ya buga a kowane faifan Yes tun daga na farko. Ya rasu ranar 27 ga Yunin 2015 sakamakon cutar sankarar jini, bayan ya zaɓi Billy Sherwood da kansa ya riƙe masa jita, ya kuma nemi a ci gaba. Magoya bayan ƙungiyar ta yanzu da wannan wasiyya suke kafa hujja, kuma hujja ce mai nauyi. Amma rasuwarsa ta kuma kwance wani ƙulli. A 2016 Anderson da Rabin da Wakeman suka fara rangadi tare, a 2017 kuma suka saka Yes a gaban sunayensu. Ɓangaren Howe ya amsa cewa Anderson na da haƙƙi a cikin alamar kasuwancin, ya roƙi masu shirya wasanni su rage ruɗa jama'a. Haka aka yi bikin cika shekara 50 a 2018 da ƙungiyoyi biyu, kowace tana amsa suna ɗaya, kamar jam'iyyar da ta dare gida biyu kowane ɓangare na riƙe da tambari.

A tsakiyar wannan ne, cikin Afrilun 2017, aka shigar da Yes zauren girmama gwarzayen kiɗan rok na Amurka. Mutum takwas ɗin nan na 1991 aka karrama. Peter Banks, wanda ya raɗa sunan, ya rasu tun 2013, kuma ba a saka shi ba. Downes da Davison da Sherwood, waɗanda su ne ke ɗauke da ƙungiyar a lokacin, su ma ba su shiga ba. Ko masu bayar da lambar girma, ashe, sai da suka zaɓi wace Yes suke nufi.

Ɓangaren Anderson bai fitar da faifan sababbin waƙoƙi ko ɗaya ba kafin ya watse. Na Howe ya ci gaba. Alan White, wanda ya yi kusan shekara 50 a kan gangunan, ya rasu ranar 26 ga Mayun 2022, Jay Schellen ya gaje shi. The Quest na 2021 da Mirror to the Sky na 2023, Howe ne ya tsara su duka. Aiki ne mai tsabta, na ƙwararru, kuma na biyun ya fi na farkon rai, har da waƙa mai kusan minti 14 da ke tuna wa mutum zamanin da. Abin da babu shi ne rigimar nan ta mutum biyar masu taurin kai, kowa na jan waƙa zuwa nasa ɓangaren, wadda ita ce ta sa faya-fayan 1971 da 1972 suke kamar za su tarwatse amma ba su tarwatse ba. Yanzu gida yana da uba ɗaya, an samu zaman lafiya, kiɗan kuma ya yi sanyi.

A nawa ra'ayin, ƙungiyar Howe tana da haƙƙin sunan, ta fuskar doka da ta tarihi. Yes ba ta taɓa zama ƙungiyar uban kiɗa da 'yan amshinsa ba, irin wadda in babu jagora sai a naɗe kayan kiɗa. Tun 1970 take sauya mutane, kuma Anderson da kansa yana cikin waɗanda suka sallami Banks da Kaye. Wanda ya kafa wannan al'ada ba zai yi mamaki ba idan wata rana ta biyo ta kansa. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa gaya wa mai sayen tikiti gaskiyar waɗanda zai gani, kada a bar tsohon tambarin da Roger Dean ya zana a 1972 ya riƙa yi masa alkawarin da ba za a cika ba.

Shi ma Anderson ɗin, makaɗan da yake yawo da su tun 2023, waɗanda ake kira The Band Geeks, a intanet ya gan su suna kwaikwayon tsofaffin waƙoƙin Yes, ya ji sun iya, ya neme su. Hanyar da aka bi aka samo magajinsa a 2008 ita ya bi ya samo magadan abokansa. Masu sharhi da dama sun ce faifansu na 2024 ya fi kama da Yes ta shekarun 1970 fiye da abin da masu riƙe da sunan ke fitarwa.

An haifi Howe a 1947, Anderson kuma a 1944. Howe ya sha nuna cewa ba ya sha'awar sake haɗuwa, don haka masu jiran sulhu kada su riƙe numfashi suna jira. Ranar da Howe ya ajiye jita, mafi daɗewa a ƙungiyar zai zama Geoff Downes, mutumin da ya fara shigowa a 1980 tare da mawaƙin da 'yan kallo suka yi wa ihu.